Rigar Likitan Jirgin Sin

Ranar Asabar da ta wuce 'yata Husna ta shigo shagonmu na ɗinki da ke Setapak tare da ƙawayenta, yaran Hausawan da aka haifa a nan Kuala Lumpur. Rigar gimbiyar Andalus suke so, don wasan makaranta. Ɗayarsu ta miƙo mini waya ta ce, "Mama, ga hoton nan. Kallo kawai za ki yi ki yanka. Ba wuya lah." Wannan lah ɗin ta mutanen garin nan ce, da ita suke rufe magana. Na jawo musu kujera na ba su ruwa. Amma maganar ta zauna mini a rai, shi ya sa na ɗauki biro. Hannuna ba shi da sauri, don a ajin yaƙi da jahilci na koyi rubutu, da goyo a bayana. Ku yi haƙuri da ni, 'ya'yana. Sana'ata ita ce ɗinkin tufafin mutanen da, na daulolin da suka shuɗe, don makarantu da masu wasan kwaikwayo. Zan gaya muku yadda na koye ta, sannan in ba ku labarin wata riga, wadda wani dattijo ya rantse in bai iya sa ta da hannunsa ba, ya bar hawa dandamali ke nan har abada.

A Ɗambatta na fara ɗinki, kan keken ƙafa, riga da zani da kayan sallar yara. Da mahaifin Husna, Malam Sabi'u, ya samu tallafin karatu, muka taho muka sauka a unguwar Taman Melati. Shi yana jami'a, yara suna makaranta, ni ina gida ina kallon ruwan sama ta taga. Wata rana allurar ɗan keken da na saya ta karye, na fita nema, na faɗa wani kedai, wato shago, a ƙarƙashin wani bene. Da na ɗaga kai sai na manta da allura. Ga rawani a rataye kamar kabewa, ga wando mai kumburi kamar an hura masa iska, ga wata riga hannunta har ƙasa. Mai shagon, wata 'yar tsohuwa 'yar Malay mai gilashi a kan hanci, ta dube ni ta ce da Turancinta mai ɗingishi irin nawa, "Saye ko kallo?" Na ce kallo. Ta ce, "Kallo kyauta ne, amma riƙe mini nan." Ta miƙo mini bakin yadi. Ita ce Mak Cik Rohani. Mak Cik a wurinsu kamar mu ce Inna ne. Tun daga riƙon yadin nan ban bar shagon ba.

Aikin farko da ta ba ni ba ɗinki ba ne, warwara ce. Ta ɗauko tsohuwar rigar kakarta ta ce in kwance ta zare bayan zare, kada in yanke ko ɗaya. Da na gama na shimfiɗa guntayen a kan tebur, sai na ga babu lanƙwasa ko ɗaya a cikinsu. Duk miƙaƙƙu ne, dogo da gajere, sai 'yan ƙyallaye masu kusurwa uku da ake sawa a hammata da gefe. Mak Cik ta jera su, sai ga shi sun koma yadi guda, ko faɗin farce bai ɓace ba. Ta ce, "Kin gani? Mutanen da ba sa zubar da yadi. Wata ce ta zauna ta kaɗa zaren, wani ya saƙa. Wa zai yanke gumin mutum ya jefa a shara?" Nan take na tuna babbar rigar kakana, wadda aka harhaɗa da siraran saƙa masu faɗin yatsu huɗu. Ashe kowace al'umma masaƙarta ce ta yanka mata riga. Masu siririyar masaƙa suka yi ta haɗi, masu faffaɗa wasunsu ma ba su damu da almakashi ba, naɗawa kawai suke yi su fita. In kika san faɗin yadin mutane, kin san rabin rigarsu tun ba ki gan ta ba. Wannan kuwa hoton waya ba ya faɗa miki shi. Hoto gaba yake nunawa, ba ya nuna baya, ba ya nuna inda allura ta bi.

Kayan aikinmu ba su da yawa. Keke, almakashi babba da ƙarami, alli, dutsen guga, da tukunyar da muke dafa sitacin shinkafa. Amma wanda ya fi su shan wahala shi ne gilashin ƙara girma. Mak Cik tana da littattafan hotuna na zanen da aka yi wa sarakunan Farisa da Indiya da Turkiyya, mutum a ciki bai fi tsawon ɗan yatsa ba. Rubutun ƙasan hoton yakan ci mini lokaci, sai in bi shi baƙi bayan baƙi, wanda ya gagare ni in kai wa Malam gida. Hoton kansa kuwa ni da Mak Cik muke karanta shi. Mu duƙa kai da kai muna gardama, ita ta ce wannan layin ɗinki ne, ni in ce ninki ne, har shayinmu ya huce.

Wata makaranta ta taɓa kawo mana aikin fadar sarakunan Mughal na Indiya. Rigarsu mai faɗin ƙasa ce, ana naɗe ta a ƙirji a ɗaure a gefe. Ina duba hoton da gilashi sai na ga wasu fadawan ɗaurinsu yana dama, wasu yana hagu. Na ce wa Mak Cik ko dai mai zanen ya gaji ne. Ta ce a'a, abin da aka ce shi ne Musulmi a dama suke ɗaurewa, Hindu kuma a hagu. Fada ɗaya, sarki ɗaya, yanka ɗaya, amma tun daga nesa ka san wanda zai miƙe in an kira salla. Abin ya ba ni mamaki ƙwarai, don mu rigunan mazanmu ba su da dama ba su da hagu, ka zura kai ka wuce.

Wata uwa kuma ta zo da yadi rawaya mai sheƙi, ɗanta zai fito a ɗan kasuwar Malaka, tsohon birnin nan na bakin teku. Mak Cik ta shafa yadin ta ture shi gefe. Ta ce, "A Malaka ta da rawaya ta sarki ce. Ɗan kasuwa ya sa ta, a hannun dogarai zai kwana." Matar ta ce, "Haba Mak Cik, ai wasa ne." Ta ce, "To ki kai wa masu wasa. Mu nan ɗinki muke yi." Ni na shiga tsakani. Muka yi wa yaron riga mai ruwan ƙasa, muka sa masa rawayar daga ciki a matsayin shafi, inda sai ya ɗaga hannu ake ganinta. Kowa ya tafi da fara'a. Ni dai zuciyata tana ba ni cewa 'yan kasuwar wancan zamanin ma haka suka riƙa yi wa sarki.

Wanda ya fi ba ni wuya a shekarun koyo shi ne wuyan rigar Turawan Holan, waɗanda suka karɓe Malaka daga hannun 'yan Fotugal. Fari ne mai ninki-ninki, kai ka ce an ɗora kan mutum a faranti. Ki dafa sitaci, ki ninke, ki goge, ya tsaya ƙyam. Kafin a kai shi makaranta laimar garin nan ta kwantar da shi kamar ganyen da aka tafasa. Na ce wa Mak Cik, mutanen da suka zo wannan ƙasa mai zafi da wannan abu a wuya, ko dai ba sa jin zafi ko ba sa jin magana. Daga baya muka koyi sa masa siririyar waya daga ciki.

Cikin masu kawo mana aiki babu kamar Ankul Tan. Ɗan Sin ne na nan ƙasar, tsohon mai shagon magunguna. Yana cikin wata ƙungiyar masu son tarihi, yawancinsu malamai da ma'aikata masu ritaya, da suke yin wasan tashar jiragen Malaka duk shekara a wani zaure a Lembah Pantai. Wasan yana nuna zamanin da Larabawa da mutanen Gujarat da na Jawa da na Sin suke cuɗanya a kasuwa ɗaya. Shi kullum a likitan jirgin ruwan sarkin Sin yake fitowa. Yakan fara bayyana da kayan gida, tsoho yana ba jikokinsa labari, sai a buga ganga ya shige bayan labule, ya sake fitowa a likitan. Mak Cik ce ta ɗinka masa rigar tun kafin in zo.

In ya shigo shago ba ya tafiya da wuri. Sai ya ce, "Binta, kin makan?" wato ko na ci abinci, ya ajiye mana ƙullin gurasar Indiyawa daga mamak, wato gidan abincin Musulmin Indiya da ke kusurwa, ya ja kujera. Daga bakinsa na ji cewa jiragen da ba su da inji, iska ce direbansu. Wata iskar ta kawo ka Malaka, sai ka zauna wata da watanni kana jiran wadda za ta mai da kai gida. Ya ce, "Mutum ya zauna wata da watanni, me zai yi? Aure!" Ya ce shi ya sa ƙasar nan kowane irin hanci akwai. Ya kuma ce jiragen sarkin Sin sun kai har gaɓar Afirka, an kai wa sarkin raƙumin dawa, fada ta ruɗe don ba a taɓa ganin irinsa ba. Na ce, "Ankul, to wa ya ɗinka masa riga?" Ya ce, "Ke dai ki yi addu'a kada a sa shi a wasanmu. Wuyan kaɗai zai cinye yadin shagon nan." Mak Cik ta ce, "Ku biyun nan surutu ya fi muku allura."

Sai shekarar annoba ta zo. Aka rufe makarantu, aka rufe zauruka, aka rufe mu. Mai ɗinkin kayan wasa in babu taro ba shi da aiki ko na allura ɗaya. Na ɗauki keke ɗaya da buhun ragowar ƙyallaye na kai gida, na koma ɗinka takunkumin fuska. Na taɓa hangen wani bawan Allah a tashar jirgin Taman Melati, hancinsa a cikin ragowar alkyabbar sarkin Istanbul, bai sani ba. Da aka bar mu muka buɗe shago, wari ne ya fara tarar mu. Laima ta shiga, fumfuna ta ci kayan da muka rataye, wasu sai dai a ƙone. Rigar likitan tana cikinsu. A shekarar ne yanar ido ta rufe idanun Mak Cik, har ta daina iya zura zare, ta koma gani da yatsu. Almakashi ya dawo hannuna, ita tana zaune tana shafa abin da na yanka. A shekarar ne kuma muka ji Ankul Tan ya faɗi a gida, ɓarin jikinsa na hagu ya shanye.

Da aka ce za a koma yin wasan, wata safiya sai ga shi da sanda, 'yarsa Mei Ling tana biye da shi. Ƙafar ta dawo, bakin ma ya dawo, amma hannun hagu yana rataye kamar ba nasa ba. Ya zauna a kujerarsa ya ce sabuwar riga yake so.

Mei Ling ta ce, "Mak Cik, ki yi masa magana. Shugabar wasan ta ce ba komai, za a sa mutum bayan labule ya sa masa rigar. Ya ƙi."

Ya ce, "A asibiti an sa mini riga, an cire mini riga, an juya ni kamar kifi a kasko. Ya isa. Likitan jirgi ne, ba jariri ba. In zan sa da kaina zan yi wasa. In sai an sa mini, ku ba wani."

"Baba, ba wanda zai gani."

"Ni fa? Ni ba kowa ba ne?"

Na ɗauko wata riga mai irin yankan muka gwada. Ga yadda take, don ku gane: buɗaɗɗiya ce ta gaba, ana ɗora ɓangaren hagu a kan na dama, a ja shi ya ƙetare ƙirji, a ɗaure a ƙarƙashin hammatar dama. Hannun hagu ne yake kai shi can. Shi kuwa hannun hagunsa ba ya motsi, na daman kuma ba ya iya lanƙwasowa ya ɗaure a hammatar kansa. Ya yi ta fama, rigar tana zamewa daga kafaɗa, gumi ya keto masa.

Ni kuwa na tuna fadawan Indiya, sai na ce, "Ankul, me zai hana mu juya ta? A ɗora dama a kan hagu, in sa maka ƙugiya a gefen hagu, hannunka mai lafiya ya kai can cikin sauƙi. Ai Hindu ma a hagu suke ɗaurewa."

Mak Cik ta ce, "Binta!" Mei Ling ta sunkuyar da kai. Ankul ya dube ni jim, sannan ya fashe da dariya har sandarsa ta faɗi. Ya ce, "Yarinyar nan gaggawa take yi da ni."

Na ce ban gane ba. Ya share ido ya ce, "A Indiya hagu addini ne. A wurinmu hagu makara ce. Mai rai a dama yake rufe riga, tun kaka da kakanni. Gawa ake rufe wa a hagu. Har ma mutanen da in suna so su ce wane ba namu ba ne, daga bayan ganuwa ya fito, sai su ce mai rufe riga a hagu." Na ce ikon Allah, mu kuwa namu mamacin ko ɗinki ba a yi wa tufafinsa. Ya ce, "Kin ga ku kun huta da tela."

Mei Ling ta ce a hankali, "Baba, yaran yanzu ba su san wannan ba. Ba wanda zai lura."

Ya ce, "Kakarki za ta lura daga inda take."

Aka tashi a kan cewa zan yi tunani. Na gwada maganaɗisu, suka yi nauyi suka ja yadin. Na gwada abin mannewar nan mai ƙara in an ɓamɓare shi, na ga ko da ya manne, matsalar ba ta nan. Na ɗaure hannuna na hagu a jiki da ɗankwali na gwada da kaina, sai na gane abin da yake kayar da shi. Rigar da take buɗe ta gaba dole ka zagayo da ita ta baya, kafin ka kamo wannan gefen wancan ya zame. Mak Cik tana jin motsina ta ce, "Me kike yi?" Na ce na zama Ankul. Ta ce, "To ki fara surutu."

Ranar wata Juma'a ce abin ya zo. Malam, wanda a lokacin ya zama mai koyarwa a jami'ar, yana shirin masallaci, wani ɗalibinsa ya kira shi. Waya tana hannunsa na hagu a kunne, ya sa hannun dama ya ɗauki babbar rigarsa daga kan gado, ya girgiza ta, ya sauke wayar ɗan kaɗan, ya zura kai, rigar ta sauka ta zauna a kafaɗunsa, yana ta maganarsa. Abin da na gani tun ina yarinya, ranar ce na fara ganinsa. Na ce, "Malam, cire ka sake." Ya dube ni. Na ce, "Sa hannun hagu a aljihun wando, kada ka fitar." Ya sake. Na ce a ƙara. Ya ce, "Binta, lafiya? Za ki sa in rasa huɗuba." Na ce sau ɗaya tak ya rage. Ya yi yana gunaguni, ya fita yana cewa sana'ar nan ta fara taɓa ni.

Da na gaya wa Mak Cik cewa zan ɗinke gaban rigar a rufe, a riƙa sa ta ta kai irin ta mazanmu, sai ta ɓata fuska. Ta ce, "Wannan ba rigar Sin ba ce, buhu ne." Na ce daga waje ba abin da zai canja, hagu a kan dama, ɗauri a hammatar dama, sai dai ɗaurin a ƙulle yake tun daga shago. Ta ce mutanen da ba su yi haka ba. Na ce, "Mak Cik, jirgin da ya kai Afirka, a ce duk cikinsa ba mai hannu ɗaya? Wani tela ya yi masa dabara, mai zane ne dai bai zana ba." Ta miƙo hannu ta ce, "Kawo yadin in ji."

Auduga marar nauyi muka zaɓa, mai ruwan shuni. Na yanka ta a miƙe irin na da. Na ɗora hagu a kan dama, na ɗinke su da hannu daga ciki, daga tsakiyar ƙirji zuwa ƙasa, yadda zare ba zai fito waje ba. Na bar wuyan da ɗan saki don kai ya wuce, na faɗaɗa ƙyallen hammata, na sa shafi mai santsi a kafaɗu don ta sulale da kanta. Ɗamarar na kafe ta a baya, na sa mata ƙugiya a gaba inda hannun dama zai kai. Mak Cik ta bi kowane layi da yatsa. A wuyan ta sa na warware na sake, ta ce ya yi hamma kamar mai jin barci.

Ranar gwaji na roƙi Malam ya zo da babbar rigarsa. Ku ga malamin jami'a a tsakiyar shago yana koya wa tsohon ɗan Sin sa riga. "Ankul, ka kama nan, ka girgiza, ka zura kai." Ankul ya kama, ya girgiza, ya zura kai, ya ɓace. Sai yadi yana motsi, murya tana fitowa daga ciki: "Jirgi ya nutse!" Mei Ling ta zabura. Muryar ta ce, "Kada wanda ya taɓa ni!" Muka tsaya. Ya fito da ƙyar ta inda ya shiga, gashinsa a tsaye. Babbar riga ba ta da matsatsen hannu, wannan kuwa tana da shi, shi ne bambancin. Na ce ya zauna, ya ɗora ta a cinya, ya fara zura hannun marar lafiya da mai lafiyar har kafaɗa, sannan kai, sannan hannun dama. Ya yi haka. Rigar ta sauka. Ya lalubo ƙugiyar ya maƙala. Na juyo masa madubi, ya ce in kawar, madubi maƙaryaci ne, yana mai da dama hagu. Ƙirjinsa ya duba, ya bi bakin rigar da yatsa har hammatar dama. Ya ce, "Boleh." Wato za ta yi. Sai dai ya daɗe ƙwarai, gangar da ake bugawa tsakanin fitowa biyu kuwa ba ta da tsawo. Ya naɗe rigar ya ce zai je ya yi ta maimaitawa a gida.

Ranar wasan da la'asar na je da allura da zare a jaka, kamar yadda nake yi kullum, na zauna a gefe kusa da Mak Cik. Ya fito da kayan gida da sandarsa, ya ba jikoki labari, aka buga ganga, ya shige bayan labule shi kaɗai. Mei Ling tana tsaye a bakin labulen, hannayenta a bayanta. Ganga ta ƙare bai fito ba. Mai fitowa a ɗan kasuwar Gujarat ya dubi labule, ya dubi Balaraben da suke ciniki, ya ce barkonon nan fa ya yi tsada. Balaraben ya gane, ya ce ai ba a taɓa yin barkono irinsa ba. Suka shiga ciniki na gaske, wanda ba ya cikin wasan, har mutane suka fara dariya. Shugabar wasan ta miƙe. Mei Ling ta girgiza mata kai. Sai labule ya motsa, ga likitan jirgi, hula ta ɗan karkace, akwatin maganinsa a rataye, ya daka wa 'yan kasuwar tsawa wai hayaniyarsu ta hana marasa lafiyarsa barci. Zaure ya ɗauki tafi. Mak Cik ta damƙo hannuna ta ce, "Wane gefe?" Na ce dama. Ta ce, "To, alhamdulillahi," ta saki.

Bayan kwana biyu suka dawo shago shi da Mei Ling, rigar a naɗe a leda. Na zaci wani wuri ya yage. Ya shimfiɗa ta a tebur, ya juya cikinta, ya ɗora yatsa a kan ɗinkin da na rufe gaban da shi. Ya ce, "Binta, wannan yana warwaruwa?"

Na ce ɗinkin hannu ne, in aka yanke ƙullin sai a ja.

Ya ce, "In an warware, za ta rufu ta ɗaya gefen?"

Na duba. Na ce ɓangaren ciki bai kai na waje faɗi ba, sai na ƙara masa ƙyalle da maɗauri. Ya ce in ƙara, sannan in nuna wa Mei Ling ƙullin da za ta yanke, don ranar da za a rufe masa ita a hagu ba ya so ta tsaya nema. Mei Ling ta juya tana kallon titi. Mak Cik ta ce akwai ragowar yadin a ƙasan kanta, in duba.

Na ɗauko na auna. Na warware ɗinkin, na ƙara ƙyallen, na sake rufewa hagu a kan dama yadda take, amma wannan karon da farin zare, don ya fita daban a cikin shunin. Na kira Mei Ling na ɗora yatsarta a kan ƙullin, ta riƙe shi jim ta gyaɗa kai. Ina ninke rigar na ce, "Amma fa Ankul, baɗi ma akwai wasa."

Ya ɗauki sandarsa ya ce, "Shi ya sa nake so ki ƙara ƙulli ɗaya. Kada ya kwance da kansa."